Shin Ko Kun San? Wata Guda Tak Mai Maganaɗisun Kansa

Shin ko kun san, a cikin ɗaruruwan watannin da ke zagaya duniyoyin rana, guda ɗaya ne kacal aka tabbatar yana da maganaɗisun kansa? Ɗaya tak, jama'a! Sunansa Ganimid. Duniyar Jufita yake zagayawa, wadda malaman taurari na da suke kira Mushtari. Watanmu da muke dubawa don azumi da salla ba shi da wannan baiwa. Duniyar Zuhal kaɗai an ƙidaya mata watanni 274 a shekarar 2025, amma ko ɗaya daga cikinsu ba a samu yana haifar da maganaɗisu daga cikin cikinsa ba. Sai Ganimid.

Kuma ba ƙaramin wata ba ne. Faɗinsa kilomita 5,268. Namu 3,474 ne kawai. Ku riƙe wannan: ya fi duniyar Makyuri faɗi, ita da take da kilomita 4,879. Wata ya fi duniya sukutum! Sai dai Makyuri ta ninka shi nauyi, domin kusan rabin jikin Ganimid ƙanƙara ce.

Kafin mu shiga gidan Ganimid, ku zo ku ga unguwar da yake zaune. Jufita ƙatuwa ce. Duniyarmu sama da 1,300 za su shige cikinta. Duk da wannan jiki, tana juyawa sau ɗaya cikin ƙasa da awa goma. Ku yi sallar asuba, kafin la'asar ta gama kwana ɗaya! A can cikinta akwai iskar haidurojin da tsananin matsi ya mai da ita ruwa mai halin ƙarfe. Wannan ruwa yana ta juyawa, shi ke haifar da maganaɗisun da gaba ɗayansa ya ninka na duniyarmu kusan sau 20,000.

Ina wannan ƙarfi yake tsayawa? Ta fuskar rana yana miƙewa miliyoyin kilomita. Ta baya kuwa iskar da rana ke hurowa tana jan sa ya zama wutsiya, wutsiyar da ke kaiwa har kusa da hanyar Zuhal. Ɗaruruwan miliyoyin kilomita ke nan! Da ido yana iya ganin wannan daula ta maganaɗisu, da wanda ya tsaya a kan duwatsun Kauru da dare zai gan ta a sama ta fi cikakken wata girma, duk da nisan da ke tsakani. Manyan watannin Jufita huɗu, Ayo da Yuropa da Ganimid da Kalisto, a cikin wannan daula suke rayuwa.

Kun san da kunne aka fara gano ta? A 1955 wasu masana biyu a Amurka, Bernard Burke da Kenneth Franklin, suna sauraren sama da na'urar rediyo, sai suka riƙa jin wata ƙara tana zuwa tana ɗaukewa. Da fari sun zaci wani inji ne a kusa yake dama musu lissafi. Da suka duba lokutan da take zuwa, sai ga shi duk sa'ad da Jufita ta ratsa saitin na'urarsu ne. Duniya tana watsa rediyo! Bayan shekara tara, a 1964, wani masani a Ostireliya mai suna E. K. Bigg ya lura ƙarar tana tsananta ne idan ƙaramin watan nan Ayo ya kai wasu wurare a kan hanyarsa. Wato wata ne yake murɗa wa uwar duniyarsa makunni.

To ta yaya? Ayo abin tsoro ne. Duwatsu masu aman wuta kusan 400 gare shi. Babu inda ya kai shi aman wuta a duk inda ɗan Adam ya leƙa. Wata injiniya, Linda Morabito, ita ta fara hango hayaƙin a watan Maris na 1979, a wani hoton da kumbon Voyager 1 ya aiko, kuma ba ma dutsen wuta take nema ba, lissafin hanyar kumbon take yi. Wasu daga cikin duwatsun suna fesowa sama har kilomita 300. Ku sake karantawa: ɗari uku!

Kowace daƙiƙa ɗaya, maganaɗisun Jufita yana yage kimanin tan guda na abin da Ayo ya fitar, galibi farar wuta da iskar oksijin. Tan guda a daƙiƙa! Kafin ku gama karanta wannan layi an kwashe tan biyar. Burbushin nan suna ɗaukar cajin lantarki, su taru su zama wani ƙaton zobe da ya kewaye Jufita, Ayo yana tafiya a cikinsa.

Wanda ya taɓa hawa tsohon keke mai dainamo ya san sirrin abin da ke biyo baya. Ka danna kan dainamon ya jingina da taya, ka taka feda, ɗan maganaɗisun da ke ciki ya juya kusa da waya, fitila ta kama. In ka ƙara gudu ta ƙara haske. To Jufita ce maganaɗisun mai juyawa, Ayo ne wayar. Wutar da ake samu tsakanin gefensa da gefensa tana kai bolt 400,000. Manyan layukan wuta na ƙasarmu, irin wanda ya taso daga Kaduna zuwa Jos, bolt 330,000 suke ɗauka. Ayo ya wuce su! Yawan wutar da ke gudana kuma, amfiya miliyan uku. Tsawa guda mai matsakaicin ƙarfi ba ta wuce amfiya 30,000 ba. Ke nan tsawa ɗari ce a haɗe, kuma ba walƙiya ɗaya ta wuce ba, dare da rana ne babu ɗaukewa.

Ina wutar take zuwa? Tana bin layukan maganaɗisu ta gangara har saman Jufita, kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Inda ta sauka, wurin yana haske. Masana suna kiran wannan tabo sawun Ayo, kuma yana tafiya a saman Jufita yana bin watan duk inda ya nufa. Na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauki hotonsa. Ta kuma ga sawun Yuropa da na Ganimid. Wata yana can nesa da ɗaruruwan dubban kilomita, sawunsa yana nan a kan gajimare!

Ga wani abin da ke juya kai. A wajen watannin nan, iska daga baya take bugowa. Ayo yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa. Burbushin da maganaɗisun Jufita ke ja kuwa suna yin kusan 74. Saboda haka su ke cim masa, su doke shi a ƙeya, su wuce. Haka abin yake a Yuropa. Shi ya sa bayan Yuropa ya fi gabansa duhu da ja, domin can ne ake yi masa ruwan farar wutar da ta taso daga Ayo. Wata yana shafa wa ɗan'uwansa launi!

Yanzu sai Ganimid.

Galileo Galilei ne ya hango watannin nan huɗu a Janairun 1610, daga garin Padua na Italiya, da wata 'yar na'urar da ya haɗa da hannunsa. Shekara 386 aka yi ana kallon Ganimid ba wanda ya san abin da yake ɓoyewa. Sai da aka aika kumbo mai ɗauke da sunan Galileo ɗin. Ya tashi a Oktoban 1989, ya isa Jufita a Disamban 1995. A hanya babbar eriyarsa ta ƙi buɗewa, dole aka riƙa karɓar saƙonninsa kaɗan-kaɗan ta ƙaramar eriya. Duk da haka, ranar 27 ga Yuni, 1996, ya wuce ta gefen Ganimid a nisan kilomita 800 da 'yan kai. Na'urar auna maganaɗisu da ke jikinsa ta yi tsalle!

Shugabar masu kula da wannan na'ura mace ce, Farfesa Margaret Kivelson ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ba kowa ne ya yi tsammanin haka ba, domin ana ganin wata irin wannan ya daɗe da hucewa. Ranar 6 ga Satumba na shekarar kumbon ya sake wucewa, wannan karon a nisan da bai kai kilomita 300 ba. Babu sauran shakka. Daula ce a cikin daula. Ganimid ya haƙa wa kansa wani ɗan sarari a tsakiyar mulkin Jufita, inda nasa maganaɗisun ne yake da ta cewa.

Ku ji alƙaluman. A tsakiyar jikin Ganimid ƙarfin yana kusan nanotesla 720. Na Jufita, a daidai inda Ganimid yake, kusan 120 ne. Ya ninka shi sau shida, shi ya sa ya iya ture shi. Mu kuma a nan Kauru da Kafanchan, wanda muke tafiya a cikinsa kullum ya haura 30,000. Na Ganimid ƙarami ne idan an gwada da namu, amma ya ninka na Makyuri kusan sau uku. Kuma kansa a kife yake idan aka gwada da na Jufita: inda nata ya sa gaba, nasa ya juya baya.

Har murya gare shi! Wata na'urar da ke cikin kumbon Galileo ta kama igiyoyin da burbushin nan ke yi, aka mai da su sauti: fito da shuu da ƙaraurawa. A ranar 7 ga Yuni, 2021, kumbon Juno ya wuce Ganimid a nisan kilomita 1,038, aka sake haɗa wani sautin na daƙiƙa 50. A tsakiyarsa ana jin muryar ta canja farat ɗaya, daidai lokacin da kumbon ya tsallaka daga wani sashe na daular zuwa wani.

Me ke haifar da shi? Narkakken ƙarfe a can tsakiyarsa, yana motsi, kamar dai na duniyarmu. Abin da ya sa bai daskare ba har yau, masana suna kan muhawara. Ku tuna duniyar Mas ta rasa nata tun biliyoyin shekaru da suka wuce. Duniyar Zahra, wadda ta kusa kai duniyarmu girma, ba ta da shi. Amma dunƙulen ƙanƙara da dutse yana riƙe da nasa!

Kuma ana ganin aikinsa da ido. Ganimid yana da fararen huluna biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Tun 1979 kumbunan Voyager suka ɗauko hotonsu. A tsakiyar jikinsa layukan maganaɗisun suna fita su komo, su zama rufi, burbushin Jufita ba su cika samun hanya ba. A ƙuryoyin kuwa layukan a buɗe suke, sun haɗe da na Jufita. Nan burbushin ke zubowa, su daddaki ƙanƙara, ta tarwatse ta sake kwantawa fara fat. Da masana suka auna, sai ga bakin hular ya yi daidai da iyakar inda rufin ya ƙare. Maganaɗisu ya zana taswirarsa a kan ƙanƙara!

Wanda yake so ya ga irin layukan nan, ba sai ya je ko'ina ba. Yaran unguwa sun riga kowa. Su ciro baƙin zoben nan daga bayan lasifikar tsohuwar rediyo, su ɗaure da igiya, su ja shi cikin busasshen yashin rafi. In sun ɗago, ya yi gashi baƙi ƙirin. Ku karɓa ku kankare garin a kan farar takarda, ku sa zoben a ƙarƙashi, ku ɗan ƙwanƙwasa takardar da yatsa. Garin zai miƙe tsaye tsinke-tsinke a wasu wurare, ya kwanta ya lanƙwasa a wasu. Inda ya miƙe, nan ne buɗaɗɗiyar ƙofa. Inda ya lanƙwasa ya komo, nan ne rufi. Abin da Kivelson ta auna ke nan, sai dai nata yana da faɗin dubban kilomita.

To yanzu ku gyara zama, ga wanda ya fi burge ni duka. Da wannan na'urar auna maganaɗisu ta kumbon Galileo aka gano tekuna. Tekuna a ƙarƙashin ƙanƙara, inda babu kyamarar da za ta iya leƙawa!

Maganaɗisun Jufita a karkace yake da kusan digiri goma. Saboda haka idan tana juyawa, watanninta suna jin sa yana lilo, ya karkata nan ya karkata can. A Yuropa lilon yana cika zagaye ɗaya duk awa goma sha ɗaya da ɗan kai. Ruwan gishiri kuma yana ɗaukar wutar lantarki. Idan maganaɗisu mai lilo ya ratsa shi, wuta tana gudana a ciki, ita kuma ta haifar da nata maganaɗisun da ke ja-in-ja da na farko. Ƙanƙara zalla ba ta yin haka. Busasshen dutse ma da ƙyar.

Kumbon Galileo ya samu irin wannan amsa a Yuropa. Amma ana buƙatar gwaji: in da gaske amsa ce ba maganaɗisun dindindin ba, dole ta juya kai idan lilon ya juya. Ranar 3 ga Janairu, 2000, kumbon ya wuce a daidai lokacin da ya dace. Ta juya! Yuropa bai kai watanmu girma ba, faɗinsa kilomita 3,122, amma ana ƙiyasin ruwan da ke ƙarƙashin ɓawonsa ya ninka na dukan tekunan duniyarmu sau biyu. Kalisto ma, wanda fuskarsa duk ramuka ce kamar ba abin da ya motsa a cikinsa tun fil'azal, ya ba da irin wannan amsa.

Na Ganimid ya fi wuya, domin nasa maganaɗisun yana rufe amsar. Sai wani masani na Jami'ar Kolon a Jamus, Joachim Saur, ya yi wata dabara mai daɗi. Ganimid yana da ɗamarar haske guda biyu, ɗaya arewa ɗaya kudu, irin hasken nan da mutanen Norwe da Kanada ke gani yana rawa a samansu da dare. Lilon Jufita yana girgiza ɗamarun. Lissafi ya nuna in babu teku, za su riƙa karkata da digiri shida. Aka saita Hubble aka zuba ido. Digiri biyu kawai suka yi! Akwai abin da ke riƙe su daga ƙasa. A watan Maris na 2015 aka sanar: teku mai gishiri, zurfinsa kimanin kilomita 100, a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita 150. Wuri mafi zurfi a tekun duniyarmu kilomita 11 ne. Ku auna! Daga rawar haske aka gano ruwa, kuma daga nisan ɗaruruwan miliyoyin kilomita.

Mu leƙa gidan Zuhal. Akwai wani ɗan wata, Ensiladus, faɗinsa kilomita 504. Da za a ajiye shi a Najeriya da ya zauna daram, har da sauran fili. A Fabrairu da Maris na 2005 kumbon Cassini ya wuce ta kusa da shi, sai na'urar maganaɗisu ta nuna layukan Zuhal suna lanƙwasawa, kamar suna kauce wa wani abu a kudancinsa. Hotuna ba su nuna komai ba tukuna. Shugabar na'urar, Farfesa Michele Dougherty ta Kwalejin Imperial da ke Landan, haifaffiyar Afirka ta Kudu ce, a can ta yi karatunta har digirin digirgir. Ta dage a sauya hanyar kumbon a matso kusa. Aka yarda. Ranar 14 ga Yuli, 2005, Cassini ya wuce a nisan kilomita 173. Sai ga tsagogi masu ɗumi a ƙuryar kudu, tururin ruwa yana fita ta cikinsu zuwa sararin samaniya! Yau Ensiladus yana sahun gaba a wuraren da ake neman alamar rai. 'Yar Afirka ce ta fara nuna shi da yatsa, kuma ina so yaranmu mata na makarantun Kafanchan da Kagoro su san wannan suna.

Zuhal kanta tana da nata abin al'ajabin. Maganaɗisunta a miƙe yake cif da sandar da take juyawa a kai, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba. Namu a karkace yake da kusan digiri goma. Na duniyar Yuranus kuwa, da kumbon Voyager 2 ya auna a 1986, digiri 59! Na Naftun, a 1989, digiri 47. Watannin da ke can suna shan lilo na gaske.

Shin kun san wata yana iya tuna maganaɗisu? Taitan, watan Zuhal, ba shi da nasa, amma yana da iska mai kauri. Yawancin lokaci a cikin daular Zuhal yake, layukanta suna lulluɓe da saman iskarsa. A Yunin 2007 iskar rana ta matsa daular ta tsuke, Taitan ya tsinci kansa a waje, kuma Cassini yana kusa. Aka auna. Maganaɗisun Zuhal yana nan maƙale a saman iskarsa! Masana suka ƙiyasta yana iya riƙe shi daga minti ashirin har zuwa awa uku kafin ya goge.

Awa uku ne ƙarfin tunanin Taitan. Yumɓun ƙasarmu ya fi shi nesa ba kusa ba. Idan aka gasa yumɓu ya yi zafi sosai sannan ya huce, ƙananan burbushin ƙarfen da ke cikinsa suna kama maganaɗisun duniya na wannan lokaci su riƙe shi, shekara dubbai. Mutum-mutumin Nok, da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a ƙasar Jaba, gasasshen yumɓu ne da ya haura shekara dubu biyu. Ke nan a jikinsu akwai tambarin maganaɗisun ranar da aka ciro su daga wuta!

Kuma mu a nan muna zaune a wuri na musamman, ko da ba mu sani ba. Akwai wani layi da ya kewaye duniya, inda maganaɗisunta yake kwance shamal, bai duƙa ƙasa ba bai ɗaga sama ba. Shi ne ikwaitar maganaɗisu, kuma dabam yake da ikwaitar taswira da ke can cikin teku kudu da Legas. Wannan layi arewacin Najeriya ya ratsa, ba nisa da mu! A Ingila, allurar da aka rataya ta yi yadda take so tana soka kai ƙasa sosai. A Kauru kusan a kwance take. Kamfas ɗin wayar da ake dubawa a nemi alƙibla wannan kwantaccen maganaɗisu yake karantawa.

Bai tsaya nan ba. A saman wannan layi, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, akwai kogin wutar lantarki da ke gudana zuwa gabas da rana. Faɗinsa 'yan ɗaruruwan kilomita. Yana ƙarfi wajen tsakar rana, ya lafa da dare. A Huancayo ta ƙasar Peru aka fara ganin alamarsa, masani Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Ɗan Najeriya, Farfesa Cyril Onwumechili, tun yana Jami'ar Ibadan ya duƙufa a kansa, ya kuma wallafa littafi sukutum game da shi a 1997. Gobe da azahar, in kuna cin kasuwa, ku tuna akwai wuta tana wucewa ta saman kanku!

Shi ma watanmu yana ɗanɗana irin rayuwar su Ganimid. Duniyarmu tana da tata wutsiyar maganaɗisun, ta ɓangaren da ba ya kallon rana. Duk lokacin da wata ya cika, daren sha huɗu da kwanakin da ke gefensa, a cikin wannan wutsiya yake ratsawa. Sauran kwanakin yana waje, iskar rana tana dukansa kai tsaye.

Kada wani ya ce zai je yawon buɗe ido unguwar Jufita. Burbushin da maganaɗisunta ke wurgawa kisa suke yi. Mutum ya tsaya a kan Yuropa yini da kwana ɗaya, abin da zai shiga jikinsa ya isa ya kashe shi. A Ayo ya ninka haka sau shida ko fiye. Ganimid da sauƙi sosai, nisa ya taimake shi, rufinsa ma ya taimaka. Kalisto ne mai lafiya, shi ya fi su nisa. Injuna ma ba su tsira ba: ƙwaƙwalwar kumbon Juno a cikin akwatin ƙarfen taitaniyam aka kulle ta, kaurin bangonsa kusan santimita ɗaya. Shi kuwa kumbon Galileo, da mansa ya kusa ƙarewa, da gangan aka tura shi cikin Jufita ranar 21 ga Satumba, 2003, ya ƙone ƙurmus. Dalili? Kada wata rana ya faɗa kan Yuropa ya kai ƙwayoyin halitta na duniyarmu kusa da tekun da shi kansa ya gano.

Kuna son ganinsu? Madubin hangen nesa na hannu, mai ido biyu, ya isa. Ku bari damina ta ɗauke, kafin hazon hunturu ya rufe sama. Ku nemi daren da Jufita ta fito, tana haske tar ba ta ƙyaftawa. Ku jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada ya yi rawa. Za ku ga ɗigo-ɗigo a jere a gefenta. Gobe ku sake dubawa, sun sauya wuri! Kuma tafiyarsu a tsare take: kafin Ganimid ya yi zagaye ɗaya cikin kwana bakwai da 'yan awoyi, Yuropa ya yi biyu, Ayo ya yi huɗu. Ɗaya, biyu, huɗu, ba kuskure.

An tura kumbuna biyu su je su ƙarasa aikin. Na Turai, Juice, ya tashi daga Kourou a Kudancin Amurka ranar 14 ga Afrilu, 2023. Na Amurka, Europa Clipper, ya tashi ranar 14 ga Oktoba, 2024. Na biyun aka tsara zai riga isa, a Afrilun 2030, ya wuce ta gefen Yuropa kusan sau hamsin, yana shiga yana fita da sauri don kada burbushin su soya shi. Juice zai isa a Yulin 2031. Na'urar maganaɗisunsa tana kan wata sanda mai tsawon mita goma da rabi, don kada ƙarafan kumbon su rikita awon. Wa aka damƙa wa jagorancinta? Michele Dougherty ɗin nan dai! A Disamban 2034 aka tsara Juice zai fara zagaya Ganimid kansa, kuma in Allah ya kai mu, wannan ne karo na farko da wani kumbo zai zagaya watan da ba namu ba.